Ƙafar Hagu Ta Yi Ritaya

Likita ya ƙwanƙwasa gwiwata kamar mai sayen kankana,
ya ce, "Baba, ka bar hawa bene, ka bar taka kuloci."
Bene dai ba ni da shi.
Kuloci kuwa, shekara arba'in da ɗaya muna tare.

Marsandi ce mai ƙofa biyu, silinda shida, ruwan goro.
Da bashin ofishin safiyo na saye ta,
lokacin da in ka fita Ƙofar Ƙaura sai gonaki.
Ta taɓa kai ni Kano
ƙosan da na saya a tasha bai huce ba.
Wadda ta yi maka haka ba ka jingine ta a kan bulo
kaji su yi ƙwai a kujerarta.

Bara'u na Ƙofar Ƙwaya ya shige ƙarƙashinta,
tafin ƙafarsa kaɗai nake gani yana magana:
"Akwai mai canza kanta, giya huɗu.
Ta huɗun giyar hutu ce,
taya na gudu, inji na shan iska."

Giyabos ya iso daga Kwatano cikin buhu, yana tsiyayar maiƙo.
Ya ƙi zama.
Farfela ta yi tsawo da taƙi guda, aka yanke, aka yi walda.
Aka ƙera masa sabon gado,
aka ja bututu biyu zuwa lagireto kada mai ya tafasa,
aka ɗaura waya a totur, aka kwance, aka sake ɗaurawa.
Kwana uku ya ce mini.
Ran na sha tara ya miƙo mini leda baƙa:
fedar kuloci ce,
robarta ta cinye daidai siffar takalmina.

A majalisa Sama'ila Dogo ya tafa hannu,
"Ka yanke wa damisa farce!"
Na ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ara mini gwiwarka in mayar.

Asabar, bayan la'asar, muka ɗauki hanyar Daura,
ni da Tasalla da jakarta.
Ɗaya.
Biyu.
Uku, ban taɓa komai ba.
Ƙafar hagu ta kai shuri, ta taka iska,
ta dawo tana kunya
kamar wanda ya amsa sallamar da ba shi aka yi wa ba.

Kafin Mashi allura ta hau ɗari da goma,
inji na ruri yadda na saba, har cikin haƙora,
sai wani abu ya faɗa a hankali can ƙasa.
Na zaci ta mutu.
Na leƙa ma'auni, gudu na nan,
ɗorawa na wucewa, gero na wucewa,
amma inji ya sauke murya
kamar liman a sallar azahar.

Na ji taya na lasar kwalta.
Na ji makulli na taɓa makulli.
Na ji an gyara zama a gefena.

"To, yanzu kana ji na?"

Shekara arba'in ina nuna mata kunne,
ina nuna bonet, ina girgiza kai.
Bara'u bai faɗa mini wannan na cikin lissafi ba.

Ta fara daga rufin kicin da ke zuba,
ta bi ta kan filin da na sayar ban shawarce ta ba,
ta gangaro kan wata rana a wannan hanyar,
tana da cikin Nafi'u,
da ta ce in rage gudu, na ƙara.
Na ce, na ji.
Ta ce, "Ai na san ka ji tun ranar."

Hannun dama ya rasa sana'a,
yana ta lalube tsakanin kujeru.
Ta dube shi, ta buɗe jaka,
ta zuba masa gyaɗa.

Har muka ga fitilun Daura ban dunƙule shi ba.